Kyandir Ɗaya a Cikin Duhu: Tarihin Masu Zanen Dare na Turai

Duk wanda ya taso a zangon Salaga, ko Yendi, ko Bawku, ko Kete Krachi kafin layin lantarki ya iso, ya san wani abu game da haske wanda yaran yanzu ba sa gani sai ranar da aka ɗauke wuta. Ya san fitilar aci-bal-bal ba ta haska ɗaki gaba ɗaya. Fuskar wanda ke kusa da ita take kamawa, da tafin hannunsa, da gefen allon da yake riƙe, sauran kuwa ta bar wa duhu. Ya san yadda inuwar mutum kan hau bango har ta taɓo rufi, da yadda mai ƙosai kan kare harshen wuta da hannu idan iska ta taso.

Shekaru ɗari huɗu da suka wuce, wasu masu zane a Turai sun ɗauki wannan abin da kowa ya sani a zamaninsu, suka mai da shi sana'a. Suka riƙa zana labaran Attaura da Linjila a cikin dare, ga kyandir ɗaya ko fitila ɗaya, ga mutum biyu ko uku, sauran allon baƙi ƙirin. Zamanin nan shi ake kira Barok, daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon ƙarni na 18. Ba a Gwanja aka yi waɗannan zane-zane ba, ba kuma a ƙasar Hausa ba. Gidansu Italiya da Holan da Faransa. Sai dai mai karatu zai ga cewa hanyarsu ta gifta ta gaɓar tekun Gana, kuma darasin da ke cikin tarihinsu ya shafe mu.

A sani cewa Musulmi ba ya zana siffar Annabawa, kuma wasu labaran sun zo a Linjila ta hanyar da ta bambanta da ta Alƙur'ani. Za mu kawo su ne yadda masu zanen suka yi imani da su, domin tarihi muke bi. Abin lura ma shi ne, Kiristoci da kansu sun zubar da jini a kan halaccin hoto a wurin ibada, kuma daga wannan rigima ce zanen dare ya samo ƙarfinsa.

Rigimar da ta haifi zanen

A shekarar 1517 wani malamin coci Bajamushe, Martin Luther, ya fito fili ya ƙalubalanci Cocin Katolika. Kafin a yi nisa Kiristocin yammacin Turai sun rabu gida biyu, Katolika masu bin Paparoma da 'yan Furotesta. Cikin 'yan Furotesta, mabiya John Calvin ne suka fi tsananta wa hotuna. Suka ce zane da sassaƙe a cikin coci bautar gumaka ce, Allah Ya hana. A watan Agusta na 1566 gungun mutane suka bi coci-coci a ƙasashen da yau ake kira Beljiyam da Holan, suna farfasa sassaƙe, suna yayyaga hotuna. Babban cocin birnin Antwerp ma bai tsira ba. Bayan ƙura ta lafa, coci-cocin Holan suka koma farin bango, babu ko ɗigon hoto.

Su kuwa shugabannin Katolika tuni sun zauna a garin Trent da ke arewacin Italiya, a wani babban taro da aka fara a 1545 aka kammala a 1563. A zamansu na ƙarshe suka yanke hukunci a kan hotuna. Suka ce za a ci gaba da ajiye su a coci, domin girmamawar da ake yi wa hoto tana komawa ne ga wanda aka zana, kuma hoto yana koyar da jama'a labarin addini. Amma suka gindaya sharaɗi: kada a zana abin da ya saɓa wa koyarwa, kada a zana abin tayar da sha'awa, kuma bishop ne zai sa ido.

Dalilin nacewarsu a bayyane yake. Mafi yawan talakawan Turai a lokacin ba su iya karatu ba, addu'ar coci kuma da Latin ake yin ta, harshen da manomi ba ya ji. Bangon coci shi ne littafinsa. Saboda haka sai aka buƙaci hoton da zai kama mutum tun daga bakin ƙofa, ya gane abin da ke faruwa ba tare da an fassara masa ba, kuma zuciyarsa ta motsa. A daidai wannan lokaci koyarwar Ignatius Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar limaman Jesuit, tana yaɗuwa. Shi ya koya wa mabiyansa cewa mai tunani a kan wani labari na Linjila ya ƙaddara a ransa yana wurin, yana ganin ɗakin, yana jin muryoyi. Sauran aiki ya rage wa mai zane: ya gina wannan ɗaki a kan allo.

Caravaggio, mai hannun zinariya da zuciyar faɗa

Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Michelangelo Merisi, wanda aka fi sani da sunan garin iyayensa, Caravaggio. An haife shi a Milan a 1571, ya shiga Roma yana ɗan shekara ashirin da kaɗan, ba shi da ko sisi. Tsakanin 1599 da 1600 ya samu kwangilar da ta ɗaga sunansa, wato zana labarin Matiyu a cocin San Luigi dei Francesi.

Matiyu, a cewar Linjila, mai karɓar haraji ne, sana'ar da jama'arsa suka tsana. Caravaggio ya zana shi a wani ɗaki mai duhu, zaune da abokan aikinsa suna ƙirga kuɗi a kan tebur, sanye da irin tufafin 'yan birnin Roma na lokacin mai zanen. Daga dama Yesu, wato Annabi Isa a bakin Musulmi, ya shigo da almajirinsa Bitrus, ya miƙa hannu yana nuni. Wani haske ya keto daga saman kansa, ya bi ta bango, ya sauka a kan fuskokin masu ƙirga. Wasu sun ɗago, wasu ko a jikinsu. Har yau masana na gardama a kan wane ne Matiyu, mai gemun da ke nuni da yatsa kamar yana tambaya ko shi ake nufi, ko saurayin da ya sunkuya bai ɗauke ido daga kuɗi ba.

Italiyawa na kiran wannan salo chiaroscuro, ma'ana haske da duhu. An san shi tun kafin Caravaggio, amma shi ne ya kai shi maƙura, ya bar duhu ya cinye mafi yawan allo. Ya kuma ƙara wani abin da ya tayar da hankalin manya: mutanen titi yake ɗaukowa su tsaya masa. A cocin Sant'Agostino ya zana wasu talakawa biyu sun durƙusa gaban Maryamu, tafin ƙafar namijin duk ƙura, yana fuskantar mai kallo. Zanensa na rasuwar Maryamu kuwa, limaman cocin da aka yi zanen dominsa ƙin karɓa suka yi, domin ya nuna ta kamar kowace gawa, ƙafafu a waje. Wannan zane yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris.

Rayuwarsa ta yi kama da zanensa. A watan Mayu na 1606 ya kashe wani mutum mai suna Ranuccio Tomassoni a wajen faɗa, ya gudu daga Roma da hukuncin kisa a kansa. Ya bi ta Naples, da tsibirin Malta, da Sisili. A Malta, cikin 1608, ya zana fille kan Yahaya mai Baftisma, ya rubuta sunansa da jan fentin jinin da ke kwarara daga wuyan, kuma shi ne kaɗai zanensa da ya sa wa hannu. Ya mutu a 1610 a Porto Ercole, a kan hanyar komawa Roma neman afuwa, yana da shekara 38.

Kyandir ya shigo cikin allo

Caravaggio bai cika nuna inda haskensa ya fito ba. A 'yan wurare ne kawai ake ganin fitila, kamar a zanen kama Yesu na 1602, inda wani mutum a gefe ya ɗaga fitila yana leƙe, kuma masana da yawa na ganin fuskar mai zanen ce. Magadansa ne suka ɗauko kyandir suka dasa shi a tsakiyar allo.

Babbansu shi ne Gerrit van Honthorst, ɗan birnin Utrecht na Holan, wanda aka haifa a 1592. Shi ɗan Katolika ne, ya je Roma ya yi 'yan shekaru, ya ƙware a zanen dare har daga baya Italiyawa suka laƙaba masa Gherardo delle Notti, wato Gerrit na Dare. Wajen 1617 ya zana Yesu a gaban babban firist, zanen da ke Landan a yau. Tebur ne, da littafi a buɗe, da kyandir ɗaya a tsakiya. Firist na zaune ya ɗaga yatsa yana tuhuma. Wanda ake tuhuma na tsaye, hannu a ɗaure, yana dubansa shiru. Shaidu da dogarai na baya, da ƙyar ake ganin su. Wanda ya taɓa halartar shari'a a zaure da daddare zai gane wurin nan take.

Me ya sa kyandir ya dace da wannan aiki? Da farko akwai dalili na ido. Hasken ƙaramar wuta yana raguwa da sauri: idan ka ninka nisanka da ita sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai same ka. Saboda haka mai zane na iya zaɓar abin da yake so a gani, ya binne sauran. Ido ba shi da wurin yawo, dole ya tafi inda aka kira shi. Masu zanen kan fara da shafe allon da launi mai duhu, ja-ja ko ƙasa-ƙasa, sannan su ɗora haske a kai da farar dalma da jar ƙasa da rawaya. Cikin baƙaƙen launukansu har da na hayaƙin fitila, dangin baƙin da ake haɗawa da ƙaro a yi tawadar allo a wajenmu.

Na biyu, akwai dalili na ibada. A makon da ke gaban Ista, Katolika na da wata addu'a da ake kira Tenebrae, ma'ana duhu. Ana kunna kyandir goma sha biyar, ana kashe su ɗaya bayan ɗaya har saura guda. Wanda ya saba da wannan, da ya ga kyandir ɗaya a zane ya san karatun. Akwai kuma tsohuwar riwaya daga wata waliyyiyar Suwidin ta ƙarni na 14, Birgitta, wadda ta ce an nuna mata haihuwar Yesu, hasken jaririn ya dushe hasken kyandir ɗin da Yusufu ya kawo. Shi ya sa a zanen haihuwa sau da yawa jaririn ne fitilar. Honthorst ya yi irin wannan, kuma ɗaya daga cikinsu ya lalace ƙwarai a watan Mayu na 1993, lokacin da 'yan Mafiya suka tayar da bam kusa da gidan tarihi na Uffizi a Florence.

Na uku, kyandir kansa dukiya ne. Talakan Turai da na kitse yake amfani, mai hayaƙi da ƙauri, kamar yadda kakanninmu ke zuba man kaɗe a kasko su sa lagwani. Na kan bagadin coci kuwa doka ta ce sai na kakin zuma. Buƙatar ta yi yawa har jiragen Turawa na sayen kakin zuma a gaɓar Afirka ta Yamma, musamman a kogin Gambiya. Ke nan ba abin mamaki ba ne idan wani kyandir da ya ci a cocin Lisbon, zumar dajin Afirka ce ta yi kakinsa.

Musulmi ma sun yi tunani mai zurfi a kan fitila, sai dai sun bi ta hanyar rubutu. A Alƙahira ta zamanin Mamluk, cikin ƙarni na 14, ana ƙera fitilun gilashi na masallaci, a rubuta aya ta 35 ta Suratun Nur a jikinsu, yadda idan an kunna wuta haruffan za su fito. Hanyoyi biyu ke nan na riƙe abu guda: wancan ya zana fuskar da haske ya sauka a kai, wannan ya bar haske ya bi ta cikin kalma.

Georges de La Tour, ɗan mai burodi

Idan Caravaggio tsawa ne, Georges de La Tour shiru ne na tsakar dare. An haife shi a 1593 a Vic-sur-Seille, cikin yankin Lorraine da ke gabashin Faransa ta yau. Ubansa mai gasa burodi ne. Ya auri 'yar masu hali, ya zauna a garin Lunéville. Kusan duk shekarun aikinsa sun faɗa cikin Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka yi daga 1618 zuwa 1648. Lorraine ta ga uƙuba: sojoji, yunwa, annoba. A 1638 aka ƙone Lunéville, kuma ana kyautata zaton ayyukansa da yawa sun tafi a wutar. Cikin wannan hali ne ya zana hotunan da suka fi kowanne natsuwa a tarihin Turai.

Dubi zanensa na Yusufu kafinta da ke Louvre. Tsoho ya sunkuya yana huda katako. Yaro na zaune yana riƙe masa kyandir, ya ɗaga ɗaya hannun ya kare harshen wutar. Haske ya ratsa yatsun yaron sun yi ja, har ana ganin dattin da ke ƙarƙashin farce. Babu mala'ika, babu kambin haske a ka. Wanda bai san labarin ba zai ce wani maƙeri ne ko masassaƙi da ɗansa suke aikin dare. Kirista kuwa zai lura katakon ya yi siffar gicciye.

Ya zana Maryamu Magadaliya sau da dama, mace ce da Katolika na lokacin ke ɗauka a matsayin misalin mai tuba. A wasu daga ciki ba kyandir ba ne a gabanta, kofin gilashi ne da mai da lagwani, aci-bal-bal sak. Ta yi tagumi tana kallon wutar, ƙoƙon kan mamaci a kan cinyarta. Wutar na ci, man na raguwa. Ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne zanen Ayuba da matarsa, da ke garin Épinal. Kowa a cikinmu ya san haƙurin Annabi Ayuba. La Tour ya zana shi tsoho, ramamme, kusan tsirara, zaune a kan ɗan kututture, hannuwa a haɗe, ga tsingaron da yake susar jiki da shi a ƙasa. Matar doguwa, cikin jar riga, ta ranƙwafo kansa da kyandir a hannu. A Littafi Mai Tsarki matar ta gaji har ta ce masa ya saki imaninsa. A wajen masu ƙissa na Musulmi kuwa, ita ce Rahama, wadda ta tsaya masa lokacin da kowa ya guje shi. Abin mamaki, fuskar da La Tour ya ba ta na iya ɗaukar duka biyun. Ka dube ta ka ce faɗa take yi, ka sake dubawa ka ce tambayarsa take yi ya jiki. An daɗe ma ba a san labarin Ayuba ne ba, ana kiran zanen da sunan ɗan kurkuku. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mawaƙin Faransa René Char, wanda ya shiga sahun masu yaƙar mamayar Jamus, ya manna kwafinsa a bangon maɓoyarsa.

Kada mai karatu ya ɗauka mai wannan hannu waliyyi ne. Sarkin Faransa Louis na 13 ya ba shi muƙamin mai zanen fada a 1639, ya tara dukiya a garin da yunwa ta ci. A 1646 mutanen Lunéville suka kai ƙararsa a rubuce, cewa karnukansa na farauta sun yi yawa, suna bin zomaye cikin gonaki suna ɓata amfani. Kyan ɗan maciji ke nan. Ya mutu a watan Janairu na 1652, cikin wata annoba, kwanaki kaɗan bayan matarsa.

Rembrandt da kuɗin Elmina

A Holan ta 'yan Furotesta coci ba ya sayen hoto, amma attajirai na saye su rataya a gida. A nan Rembrandt, wanda ya rayu daga 1606 zuwa 1669, ya ɗauki salon ya juya shi. Bai taɓa zuwa Italiya ba, ta hannun masu zanen Utrecht irin su Honthorst salon ya iso gare shi. A 1627 ya zana wani tsoho mai tabarau, takardun lissafi sun kewaye shi, yana duba tsabar kuɗi a hasken kyandir. Ana fassara shi da misalin Linjila na mai arzikin da ke shirin faɗaɗa rumbunansa, bai san a daren za a karɓi ransa ba. A 1660 kuma ya zana musun Bitrus: wata baiwa ta kai kyandir kusa da fuskarsa, ta kare wutar da hannu, tana cewa ta gane shi cikin mabiyan Yesu, shi kuwa yana rantsuwa bai san shi ba. Can baya cikin duhu, Yesu ya waiwayo. A nan kyandir ya zama mai tonon asiri.

To, ina attajiran Amsterdam suka samo kuɗin sayen zane? Daga fatauci, kuma wani sashe na fataucin ya bi ta nan. A 1637 wani basarake mai suna Johan Maurits, gwamnan yankin da Holan ta mallaka a Brazil, ya turo jiragen yaƙi suka ƙwace ganuwar Elmina daga hannun Fotugal, waɗanda suka gina ta tun 1482. Bayi yake nema domin gonakin rake. Cocin Katolika da ke tsakiyar ganuwar, sababbin masu gidan suka mai da shi wurin harkar ciniki. Gidan da Johan Maurits ya gina a birnin Hague, Mauritshuis, yau gidan tarihi ne, kuma a cikinsa akwai zanen Rembrandt na 1661 na wasu maza biyu 'yan Afirka. Salaga, wadda ta shahara daga baya a ƙarni na 19 da kasuwar goro da ta bayi, ta san irin wannan ciniki. Wanda ya yaba hasken da ke cikin waɗannan hotuna, ya dace ya tuna da wanda ya biya kuɗin man.

Abin da ya iso mana, da abin da ke hannunmu

Zanen labaran Linjila ya iso arewacin Gana a makare, kuma da ya iso sai ya sa rigar gida. A 1906 limaman Katolika da ake kira Fararen Fada suka sauka a Navrongo, yamma da Bawku, daga Wagadugu. A 1920 aka gina babban cocin laka da ke nan har yau. Cikin shekarun 1970 matan Sirigu, waɗanda suka gaji adon bangon gida daga iyayensu mata, suka ƙawata cikinsa da jar ƙasa da fara da baƙi, suka haɗa labaran addini da zanen gargajiya da dabbobi. Babu duhun Caravaggio a wurin. Launin ƙasar wurin ne da hannun matan wurin. Amma manufar da aka zauna a kanta a Trent ita ce dai: bango ya yi magana da wanda bai iya karatu ba.

Saura darasi na ƙarshe, kuma shi ne ya fi nauyi. Bayan mutuwar La Tour an manta da shi sarai, sama da shekara 250. Hotunansa na rataye a ƙananan gidajen tarihi da sunayen wasu, wannan a ce na ɗan Sifen ne, wancan a ce na ɗan Holan ne. Sai a 1915 wani masani Bajamushe, Hermann Voss, ya haɗa 'yan zane-zane da sunan da ke cikin tsofaffin takardun Lorraine. A 1934 aka baje ayyukansa a wani nuni a Faris, duniya ta farka. Abin da ya rage nasa a yau bai wuce kimanin arba'in ba.

A wannan shekara ta 1934 ne Alhaji Umaru ya rasu a Kete Krachi. An haife shi a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, yaƙin basasar da ya tarwatsa garin a 1892 ya sa shi da fatake da yawa suka nemi wani wuri, ya ƙare a Kete Krachi yana limanci da koyarwa. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, har da waɗanda ya yi a kan zuwan Nasara. Ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich, mai ƙamusun Hausa na 1906, labaran ƙasashen Hausa da al'adunsu. Duk wannan an yi shi a garin da babu lantarki, da alƙalamin kara da tawada. A farkon shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon, da ƙoƙarin irin su Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo, ta bi gari-gari tana ɗaukar kwafin rubuce-rubucen malamai, aka tsirar da abin da aka tsirar.

Bayan nan kaɗan aka kammala madatsar Akosombo a 1965. Tafkin Volta ya cika, aka tashi mutane kimanin 80,000, tsohon garin Kete Krachi ya nutse. Domin a samar da haske aka nutsar da shi, amma kaso mai tsoka na wutar ya tafi masana'antar alminiyon da ke Tema, arewa kuwa sai wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fara miƙo mata layi.

La Tour ya yi sa'a ne don an adana rajistar haihuwa da ta aure da takardun ƙara a Lorraine, har wani ya zo bayan ƙarni biyu da rabi ya karanta. A gidajen malamai na Salaga da Yendi da Bawku akwai gafakoki da akwatuna cike da takardu, gara na ci, damina na jiƙawa, magada kuma ba duka ne ke karanta ajami ba. Yau kusan kowane gida akwai waya mai ɗaukar hoto. A buɗe gafakar kaka, a ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta sunan mai littafin da na malaminsa da garinsu, a ba wa wanda ya iya karantawa ya duba tun tsofaffin da suka san hannun marubutan suna raye. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, in ji Hausawa, amma a wannan sha'ani ƙin tashin ne muguwar rawa. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.